Gefen Hijabin Lubabatu

Tun da Hasana ma'aikaciyar lafiya ta shigo gidan da na'urar awonta, Lubabatu ba ta zauna ba. Gwajin jinin Khairat, ɗiyarta mai wata bakwai, ya nuna gubar dalma tana ƙaruwa, kuma a Yargalma babu uwar da ke buƙatar a fassara mata wannan magana. Muddin ba a gano ta inda gubar ke shiga ba, maganin da za a ba yarinyar a asibitin Anka ba zai tsinana komai ba.

Hasana ta auna ƙasar tsakar gida, ta auna randa da turmi da tabarma, duk lafiya lau. Mas'ud, mijin Lubabatu, wanda ke niƙa dutsen zinare a bayan gari, yana tsaye a bakin zaure.

"Wallahi can nika wanka, can nika barin kayan aiki," in ji shi. "Ko da rana na daina dawowa gida saboda Khairat."

"Mun ji," in ji Inno, mahaifiyarsa. "To daga sama ta faɗo?"

Rana ta take, zafin bazara ya cika gidan, Khairat ta soma kuka. Lubabatu ta zauna gindin bango, ta ja dogon hijabinta mai kauri ta lulluɓe yarinyar a ciki. Shi kaɗai gare ta mai saukowa har ƙafa. Da shi take salla, a cikinsa take shayarwa, domin ba ta iya ɗaga riga a gaban surukarta. Zufa ta jiƙa su duka biyun. Yarinyar ta saki nono, ta cafko gefen hijabin ta cusa a baki, kamar yadda ta saba tun da dasashinta ya fara ƙaiƙayi.

Hasana ta tsaya cik.

"Lubabatu, da wanga hijabi kika hita?"

"Da shi nika komi."

"Wa ka kai ma Mas'ud abinci?"

Lubabatu ta dubi gefen hijabinta. Tun da ya daina dawowa da rana, ita ke kai masa tuwo. Nesa da injin niƙan take tsayawa, amma gefen hijabin yana jan ƙasar wurin, mai cike da ƙurar dutsen. In ta dawo takan wanke hannu da ƙafa, ta yi alwala, ta ɗauki ɗiyarta.

Hasana ta ɗora na'urar a kan ƙyallen. Ta duba, ta sake dubawa, na'urar na nuna dalma, sannan ta zare shi a hankali daga bakin Khairat.

Lubabatu ta tuɓe hijabin nan take, a gaban surukarta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta jefa shi nesa, ta zauna daga ita sai ɗankwali da riga. Daidai nan ladan ya kira Azahar.

Inno ta shiga ɗaki, ta fito da farin mayafi marar nauyi da take ajiyewa don Idi.

"Yi salla da wanga. Gobe Dija tela ta ɗinka miki biyu, na hita daban, na ɗiya daban. Ta tsaga gaban na gida ta sa marfi, ki huta da gumi."

"Da safe zan dinga tahiya da abincina," in ji Mas'ud, kansa a ƙasa.

Lubabatu ta miƙe. Ta ɗebo ruwa da sabulu ta wanke bakin Khairat da tafukanta, ta wanke ƙirjinta, sannan ta yarda ta sake ba ta nono. Sai da yarinyar ta ƙoshi ta miƙa wa Inno ita, ta yafa mayafin, ta fuskanci gabas.