Mai Shebur na Bakin Kwana

Mutumin da ke jikin allon ba shi da wuya. Kansa wani baƙin ƙwallo ne da ke shawagi a saman kafaɗa, ya sunkuya da shebur a kan tarin ƙasa, ba ido ba baki, balle a san ko aikin yana masa daɗi. Baba Mai-fenti ya tsaya a gabansa, hannuwa a baya, yana girgiza kai.

"Wanda ya zana ka bai ji tsoron Allah ba," ya ce da allon. "Ko ɗan yatsa ɗaya bai ba ka ba."

Yana da bakin magana kuwa. Shekara arba'in da biyu ya yi a gida yana zanen allunan shaguna kafin hannu ya fara rawa: kawuna masu gyararren gashi ga mai aski, keken ɗinki ga tela, kifi mai ido ƙuru-ƙuru ga mai kifi. Allon da ya zana wa wani mai gyaran agogo har gobe yana nan inda ya kafa shi. Mai agogon ya rasu, shagon ya koma na sayar da takalma, amma duk mai yin kwatance sai ya ce a sha kwana daidai allon agogo. A sanin Baba, allo ba ya motsi. Dalilin kafa shi ke nan.

Wata biyu ke nan da autarsa ta ɗauko shi zuwa ƙasar da take aiki, bayan rasuwar mahaifiyarta. Auta ma'aikaciya ce a gidan kula da tsofaffi, tana fita da sassafe, sai la'asar ta dawo. Da ta ga zaman ɗaki yana neman kwantar da shi, sai ta yanka masa makulli, ta rubuta adireshi da lambar wayarta a kati ta sa masa a aljihu.

Yaren mutanen ƙasar ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnen Baba ba. Sunayen titunansu dogaye ne, duk kama ɗaya, gidajen ma haka, jan bulo a jere kamar an zuba su daga kwano ɗaya. Sai ya koma wa abin da ya sani, wato zane. Ya samu ɗan littafi, duk allon da ya gani sai ya kwafe shi ya raɗa masa suna.

Akwai Ɗan Gudu, koren mutum da ke saman kowace ƙofa, kullum yana sheƙawa a guje zai fita, kullum yana nan bai fita ba. Akwai Sarkin Santsi, wanda ake jingine shi a ƙasa in an goge daɓen kanti, ƙafafu a sama, ya faɗi tun kafin kowa ya faɗi. Akwai kare da aka ja wa jan layi a ƙofar shagon burodi, alhali Baba da idonsa ya ga wata mata ta tura nata karen cikin keken jarirai, an sa masa rigar sanyi har da hula. Akwai kuma tsofaffi biyu masu doro, ɗaya da sanda, ɗaya ta riƙe masa ƙugu. Wannan allon ya ɓata masa rai.

"Auta, wai su mutanen nan gargaɗi suke yi a kanmu? A yi hattara, ga tsofaffi nan?"

"Don masu mota su rage gudu ne, Baba."

"To shi ne sai an yi mana doro?"

Kullum da hantsi yakan bi wani siririn lungu ta bayan gida, ya gangara matakala zuwa wani tafki, ya zauna yana kallon agwagi da mutanen da ke gudu ba mai korarsu. Dawowa kuwa gwiwarsa ba ta son hawan matakalar, sai ya zagayo ta babban titi. Hanyar tana cikin littafinsa tsaf: a wuce Tsofaffi, a wuce Kare, in an iso Mai Shebur a sha kwana hagu, gida mai lamba goma sha huɗu. Mako uku yana haka, ko tuntuɓe bai yi ba.

Ranar Litinin ya sha kwana daidai Mai Shebur, ya tsaya a lamba goma sha huɗu, makulli ya shiga amma ya ƙi juyawa. Yana cikin kokawa da shi aka buɗe ƙofar daga ciki. Wata tsohuwa ce da kyanwa a hannu, tana ta zuba masa yare. Baba ya leƙa bayanta ya ga labulen da bai sani ba, ya ga takalman da ba nasu ba. Jiki a sanyaye ya miƙa mata katin.

Auta ta baro aiki ta zo ta ɗauke shi. Titinsu yana baya kaɗan, in ji ta, ya wuce shi ne kawai. Ta yi dariya, shi ma ya yi.

Ranar Alhamis ba wanda ya yi dariya. Ya sha kwana daidai Mai Shebur, titin ya kai shi ga katangar wata makaranta, babu ma lamba goma sha huɗu a cikinsa. Awa biyu yana zagaye kafin wani mai raba wasiƙu ya tausaya masa ya kira lambar da ke katin.

Da yamma Auta ta zauna a gabansa a teburin kicin, ko rigar aiki ba ta cire ba.

"Baba, yau wace rana ce?"

"Ke, ni za ki yi wa tambayar da kike yi wa tsofaffinki?"

"Don Allah ka faɗa mini."

"Alhamis. Kuma sunana ban manta ba, in shi ne na gaba."

Ta sunkuyar da kai tana murza zoben hannunta. "Ba raini ba ne, Baba. Tsoro nake ji. In ya sake faruwa, sai dai ka yi haƙuri in karɓi makullin, mu je a duba ka."

Ya san wanda take tunawa, shi ma shi yake tunawa. Yayansa da haka ya fara, ɓata hanya tsakanin kasuwa da gida. Kafin shekara biyu yana tambayar 'ya'yan cikinsa su wane ne su. Da ya fara fita ba takalmi, Baba da hannunsa ya sayo kwaɗo ya sa wa ƙofar gidan, yana jin Yaya daga ciki yana bugawa yana cewa a buɗe masa zai je aiki. Bai gaya wa Auta zancen littafin ba. Yaya za a yi ya ce mata ya bi zanensa daki-daki kuma ya ɓata? Ai wannan ya fi muni.

Washegari tana fita ya sa hularsa. Da ya gama zama a bakin tafki ya dubi matakalar lungun. Zai iya daurewa ya hau, ya isa gida lafiya, ba wanda zai sani. Amma shi yau ba gida yake nema ba, so yake ya san ko kansa na nan. Ya bi babban titi.

Ga Tsofaffi. Ya duba littafi, ya duba allo, daidai. Ga Kare. Daidai. Ya ci gaba yana tafiya a hankali, yana taka ƙasa kamar mai tsoron ta zame. Tafiyar ta yi masa tsawo, gwiwa ta fara magana, amma can sai ga Mai Shebur, ya sunkuya kan tarin ƙasarsa yadda ya saba. Baba ya dubi hagu.

Wani titi ne mai shagon wanki a bakinsa, injuna a jere suna ta juya kayan mutane. Tunda yake bai taɓa ganin shagon nan ba.

Ya lallaɓa ya zauna a kan wata gajeriyar katanga. Ya shiga kiran sunayen 'ya'yansa daga babba har Auta, duk suka zo. Ya kira na jikoki, suka zo. Ya tuna yadda ake haɗa shuɗi da rawaya a sami kore, ya tuna launin zanen da matarsa ta ɗaura ranar da ya fara ganinta. To in duk wannan na nan, me ya ɓace? Ko haka abin yake zuwa, ya bar maka na nesa ya ɗauke na kusa? Ko Yaya ma haka ya riƙa zama yana lissafin 'ya'yansa, yana ganin lafiyarsa ƙalau? Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka ce masa matarsa ba za ta tashi ba.

"Kai ma ka san ban yi kuskure ba," ya ce da allon. "Nan ka ce in juya."

Yana rufe baki wani ƙato mai hular kwano da riga mai ƙyalli ya zo yana fito, ya ture buhun yashin da ke danne da ƙafar allon, ya naɗe Mai Shebur ya saƙale shi a hammata, ya yi gaba abinsa.

Baba ya yi sororo, baki buɗe. Sai kuma ya miƙe, ya manta da gwiwa.

"Kai! Kai bawan Allah! Ina za ka kai shi?"

Ƙaton bai ji ba, ko ya ji bai gane ba. Baba ya bi shi yana ɗingishi har kwana ta gaba, inda ya ga an buɗe ƙafafun allon an kafa shi, an danne da buhu. Kusa da wurin ga wasu ma'aikata suna fasa gefen titi, ga motarsu a tsaye, a bayanta kuma ga Masu Shebur sun kai goma a kwance, wani kan wani, kowa da tarin ƙasarsa.

Ashe ma'aikaci ne! Ashe bin aikin yake yi! Baba ya sha ganin masu hular kwanon nan can gaba, bai taɓa kawo komai a ransa ba. A gida in aka haƙa rami a titi, yaran unguwa sukan girma su yi aure yana nan. Wa zai ce masa akwai inda rami ke tashi daga kwana zuwa kwana cikin kwana uku?

Dariya ta ƙwace masa, har da riƙe ciki, har hawaye. Ƙaton ya tsaya yana kallonsa. Baba ya buɗe littafi ya nuna masa zanen, ya nuna allon, ya yi tafiya da yatsu biyu a kan tafin hannunsa. Ƙaton ya duba, ya sake dubawa, sai shi ma ya fashe da dariya, ya kira abokan aikinsa suka taru a kan littafin. Ɗaya ya daɗe yana kallon hoton Tsofaffi, domin Baba ya miƙar musu da baya ya yi musu fuska. Daga nan ƙaton ya kama kafaɗarsa ya juya shi, ya nuna masa wani baƙin layin sabuwar kwalta da ya bi gefen titi ya yi baya, ya ɗaga masa yatsu huɗu.

Baba ya bi kwaltar yana ƙirga kwana. A ta huɗu ta ƙare. Ya juya, ga lamba goma sha huɗu, makulli ya juya kamar an shafa masa mai.

A bakin ƙofa ya tari Auta, ko jaka bai bari ta ajiye ba. Ya ba ta labari tun daga Tsofaffi har bayan mota, yana kwaikwayon tafiyar ƙaton da allo a hammata. Ta yi dariya har ta zauna a kan matakalar bene, tana share ido da gefen mayafi.

"Wayyo Baba! To me ya hana ka gaya mini da allo kake gane hanya?"

"Ina na san allunanku yawo suke yi?"

"Riƙe makullinka," ta ce. "Alhamdu lillahi. Wallahi kwana biyu ban yi barcin kirki ba."

Ya ci abinci da yawa ranar, har da ƙari. Bayan magariba Auta ta kawo musu shayi, ta zauna tana duba wayarta. Baba ya kurɓa, ya gyara zama, murmushi ya cika masa fuska.

"Auta, ba ki san abin da ya faru da ni yau ba."

Ta ɗago kai a hankali. Ta kife wayar a kan tebur.

"Me ya faru, Baba?"

Ya fara tun daga Tsofaffi. Ya wuce Kare, ya iso shagon wanki, ya zauna a kan katanga. Yana cewa, "Sai ga wani ƙato mai hular kwano," sai ta yi dariya.

Baba ya tsaya. Bai kai wurin dariyar ba tukuna. Ƙaton ko allon bai taɓa ba.

Ya dube ta, ta dubi kofinta. Injin sanyi yana ta gurnani a kusurwar kicin.

"Na ba ki labarin nan, ko?"

"Labarin mai daɗi ne, Baba."

"Sau nawa?"

"Shayinka zai huce."

Baba ya ajiye kofinsa. Sannan ya laluba aljihu, ya fito da makullin, ya ajiye shi a tsakiyar tebur, tsakanin kofinsa da nata. Auta ta kalli makullin. Ta sa ɗan yatsa ɗaya ta turo shi a hankali har ya taɓa hannunsa.

"Ƙarasa mini," ta ce. "Ƙaton ya zo. Sai me ya faru?"