Akwatin Gem a Falon Direba

"Karkato shi hagu kaɗan," in ji Direba daga saman bene. "Ba wannan hagun ba, Mai Fenti. Hagun mota."

Mai Fenti ya ƙara sa kafaɗa yana haki. Akwatin ya fi shi tsawo, ya fi firji nauyi, shi da 'yan dako suna ta fama da shi a kwanar matakala. Direba kuwa, wanda likita ya hana ɗaukar ko bokitin ruwa tun da zuciyarsa ta fara ba shi wahala, yana tsaye da silifas yana ba da umarni kamar ana juya tirela.

Da aka dire shi a falo, matar Direba ta fito daga kicin tana goge hannu. Ta zagaya shi, ta shafa ƙurar da ɗan yatsa.

"Wannan kuma wane irin kabad ne?"

"Gem ne. Irin na da, wanda ake jefa wa tsaba. Na tsohuwar silimar nan da ake rushewa."

"Yana aiki?"

"Zai yi."

"Haka ka ce da injin wankin da ka kawo bara."

Mai Fenti ya zauna a hannun kujera yana share gumi. Shekara da shekaru bango ɗaya ne tsakanin gidansa da na Direba, amma hulɗarsu ba ta wuce gaisuwa a matakala ba. Sai yau da tsohon ya ƙwanƙwasa masa ƙofa, idonsa na ƙyalli, ya ce, "Maƙwabci, zo ka ga abin da na tsinto." A hanya ya ba shi labari. Lokacin da yake yaron mota, duk ranar hutu a gaban wannan akwatin yake wuni, yana harbin jiragen sama har mai gadin silima ya kore shi.

Da suka buɗe bayan akwatin, sai kashin ɓera da wayoyin da suka ƙone. Talabijin ɗin ciki ta daɗe da mutuwa. Amma da Auta, 'yarsu da ke aikin kwamfuta a wani kamfani, ta zo ƙarshen mako, ta leƙa ciki da fitilar waya, sai ta yi dariya.

"Baba, ai wannan mai sauƙi ne. Mu kwashe kayan cikin duka. In kawo tsohuwar kwamfutata mu sa a ƙasa, mu ɗaura sabon allo a sama. Madannan nan kuma mu haɗa su da wani ɗan ƙaramin allon lantarki, kwamfutar za ta ɗauka madannanta ne. Wasannin na da duk suna nan, ana samun su."

"Har da na jiragen?"

"Har da shi."

Direba ya kama ɗaya daga cikin sanduna biyun da ake sarrafa wasan da su, mai jan ƙwallo a kai, ya jijjiga. "To giyar nan fa? Ta saki."

"Wace giya kuma a gidana?" in ji matarsa daga ciki.

"Ta mota, baiwar Allah, ta mota."

Daga ranar falon ya koma wurin aiki. An naɗe kafet, an shimfiɗa jaridu. Mai Fenti ya karɓi aikin jikin akwatin. Yana cikin goge baƙin fentin da wani ya taɓa lafta masa, sai ga fiffiken jirgi ya bayyana a ƙasa, shuɗi da ruwan ɗorawa, da wuta na fita ta bayansa. Ya tsaya da takardar gogewa a hannu. Tun da aka fara buga allunan talla da inji, ba wanda ya sake neman zanen hannunsa, bangon gidaje kawai yake shafawa. Ya koma gida ya zaro ƙananan burushinsa daga ƙasan gado, ya jiƙa su a kananzir.

Direba shi ne mai riƙe fitila da miƙa sukudireba, kuma shi ne mai surutu. Auta na haɗa wayoyi, yana bin su da ido yana cewa ja ta fi kyau a nan.

"Baba, ba kyau ake dubawa ba."

"A mota ma ana dubawa."

Ana tsakiyar aikin ciwon ya tashi, aka kwantar da shi asibiti na 'yan kwanaki. Ya dawo a rame, rigarsa na yawo a jikinsa, amma abin da ya fara tambaya tun daga ƙofa shi ne ko sabuwar giyar ta iso. Da yammacin ranar Auta ta tare Mai Fenti a matakala.

"Kawu, mu ɗan yi sauri da aikin nan," ta ce, tana kallon takalminta.

Bai tambaye ta dalili ba. Ya ɗage aikin wani gida da aka ba shi, ya koma falon Direba tun da safe.

Ranar da za a kunna, matar Direba ma ta jawo kujera. Auta ta miƙa wa mahaifinta filogi ta ce shi zai sa. Fanka ta fara juyawa a ciki, fitilar saman akwatin ta kama, sai ga sautin nan na da, siriri mai tsalle-tsalle. Direba ya dafe ƙirji, duk suka zabura.

"Ku zauna, daɗi ne," ya ce. "Shi ne. Wallahi shi ne."

Sai dai jiragen sun fito a kife, kansu ƙasa, kuma in ya tura giya hagu sai jirgin ya tafi dama. Matarsa ta yi dariya har da hawaye, ta ce dama haka tuƙinsa yake. Auta ta durƙusa ta sauya wayoyi biyu, ta juya hoton. Direba ya gyara tsayuwa, ya ware ƙafa, ya ɗora hannu. Yatsun da ke kasa ɓalle maɓallin riga suka shiga bugun madanni kamar ba su taɓa mantawa ba.

Labari ya zaga benen. Mai shagon ƙasa ya hau ya gwada, aka harbo shi nan take. Matar Direba ta ce ba ruwanta, amma Mai Fenti ya taɓa shigowa ya same ta a gaban akwatin da ludayi a hammata. Shi kuwa kullum da yamma yana nan, shi a giyar dama, Direba a ta hagu, suna fafatawa da wani ƙaton jirgi da ke tare musu hanya a mataki na ƙarshe. Kullum jirgin ke gamawa da su.

Wata yamma suka iso gabansa da sauran rai, abin da ba su taɓa yi ba.

"Ta ƙasa, maƙwabci, bi ta ƙasa," Direba ke cewa. Can sai ya ce, "Riƙe min jirgina. Bari in ɗan zauna."

Mai Fenti ya kama giya biyu, ɗaya a kowane hannu, yana danna madanni da gefen tafin hannu yadda ya samu. Yana jin kujera ta yi ƙara a bayansa. Jirgin Direba ya kauce wa harsashi, nasa ya kutsa ta ƙasa, ƙaton ya fara hayaƙi, ya tsage, ya tarwatse, allon ya cika da haske.

"Yaya, mun kayar da shi! Ka gani?"

Ya juyo yana dariya. Direba na zaune, kansa jingine da kujera, fuskarsa na kallon allon, hannayensa a kan cinya. Matarsa na tsaye a ƙofar kicin da kofin ruwan da ta kawo masa. Ta ajiye kofin a hankali a kan tebur, ta zo ta durƙusa a gabansa, ta kira shi sau ɗaya. Ba ta sake kira ba.

Bayan an kai shi makwancinsa, masu gaisuwa sun ragu, Auta ta roƙi Mai Fenti ya zo su matsar da akwatin jikin bango don a samu wurin zama. Ya shiga da rana. Falon tsit, an mayar da kafet. Ya sunkuya zai kama gefen akwatin, sai hasken taga ya faɗo a kan gilashin allon, ya ga shatin tafin hannu a gefen hagu, babba, yatsu a buɗe, inda Direba ya dafa kafin ya juya ya zauna.

Auta ta miƙo masa tsumma. Ya karɓa, ya goge saman akwatin da gefensa, ya goge rabin gilashin na dama. Sannan ya ninke tsumman ya sa a aljihu, suka tura akwatin a hankali.