Littafin da Ke Aljihun Tebur

Har gari ya waye Farfesa Gordon Halvorsen bai runtsa ba. Tambaya ɗaya ce ta hana shi barci: shin horar da Yunhee ya yi, ko rami ya haƙa mata da hannunsa?

Shekara biyu ke nan da ƙaramar kwalejinsu ta ɗauke ta, da sabon digirinta na dakta a tarihin Koriya, aka damƙa masa ita ya nuna mata yadda ake koyarwa. Duk abin da ya ce ta yi, ta yi. Ta bar ƙofar ofishinta a buɗe kullum. Ta haddace sunan kowane ɗalibi. Ta karɓi darussan Sin da Japan da Indiya, tunda a nan mutum ɗaya ake ɗora wa nahiyar sukutum. Littafin da take rubutawa kuwa, shi da bakinsa ya ce ta ajiye shi tukuna, wai nan ɗalibi ake dubawa, ba takarda ba.

Jiya kwamiti ya zauna, ya yanke cewa ba za a sabunta mata aiki ba, don ba ta wallafa komai ba.

"Kada ta ji sai Afrilu," in ji Marcia Oberle, shugabar tsangayar. "Ba na son jikinta ya yi sanyi a tsakiyar zango."

"Ranar Juma'a fa sauran kwalejoji ke rufe karɓar takardun neman aiki."

"Gordon, kai ma ka ɗaga hannu."

Ya ɗaga ɗin. Hannuwa shida ya gani a sama, ya ƙara na bakwai.

Da safe Yunhee ta leƙo ofishinsa da kofin gahawa biyu.

"Malam, wa ya mutu? Ko miyar ɗakin cin abinci ka sake sha?"

"Kin nemi aiki wani wuri bana?"

"Korata kake yi? Ba kai ka ce nan gida ne ba? Jiya ma ɗalibai goma sha biyu na ciyar a falona, har da gwanin nan da ya rubuta cewa Koriya tsibiri ce."

"Littafin fa?"

"Yana inda ka ce a sa shi. Barcinsa yake, har da minshari."

Ta yi dariya ta wuce aji. Shekara talatin yana ba matasa wannan shawarar, bai taɓa bin sawun inda ta kai su ba.

Ya rubuta mata wasiƙar shaida, ya buga tallan guraben aiki uku na wasu kwalejoji a takarda, ya nufi ofishinta. Ƙofar a buɗe take, kamar yadda ya koya mata. Tana aji har yanzu. Ya ja aljihun teburinta, ya fito da rubutun littafin, ya kaɗe ƙurarsa, ya ɗora takardun a kai. A saman ta farko ya rubuta: "Ba za su sabunta ba. Ni ma na ɗaga hannu. Juma'a ake rufewa."

Ya fito, ya ja mata ƙofar ya rufe.