Sun Manta Baba Yana Cikin Guruf

Wayar ta sake kuka, Auta ta kife ta a cinya kamar mai ɓoye kayan sata. Baba na kwance a gadon asibiti, ɓarin jikinsa na dama a shanye, gobe kuma za a sallame shi. Inda za a kai shi ne ya hana guruf ɗin 'yan gida sakat tun safe. Yaya Babba ta ce gidanta. Injiniya, mai bi mata, ya ce nasa, duk da garinsa da nisa. Kafin azahar maganar ta bar kan Baba, ta koma kan wa ya fi zuwa dubiya da wa ya ƙi ɗaga waya ranar da ya faɗi.

Baba ya ɗago hannun hagu ya nuna durowa.

"Wayata," ya ce, harshen da nauyi.

Sai a lokacin ta tuna. Baba yana cikin guruf ɗin. Shi ne ma ya buɗe shi da hannunsa. Manyan mutane masu 'ya'ya sun wuni suna rabon mutum a gaban idonsa!

"Baba, ka bar su, shirme ne kawai."

"Tabarau."

Ta sa masa, ta riƙe masa wayar. Duk aikinsa na malanta muhawara ya koyar, amma Auta ta ɗauka ciwon ya tafi da wannan kamar yadda ya tafi da hannun. Ya koma can saman hirar, ya karanto a nutse. Sannan ya ja dogon saƙon Yaya Babba, ya rubuta a ƙarƙashinsa, harafi bayan harafi: "Abin da kike so: gidanki. Dalili: kusa da masu gasa min jiki. Sauran faɗa ne."

Ya jawo na Injiniya. "Abin da kake so: gidanka. Dalili: kai ne namiji. Mun sani tun ranar haihuwarka. Ina dalilin?"

Dariya ta kuɓuce wa Auta, ta toshe baki. Shi ko murmushi bai yi ba. Inda Yaya ta ce kowa ya san Injiniya bai damu ba, ya rubuta, "Wane ne kowa?" Inda Injiniya ya ce mijin Yaya ma ba ya son baƙi, ya rubuta, "Ka bar maganar, ka kama mutum." Bidiyon wani likita da aka turo kuwa ya ba shi amsa da, "Bai duba ni ba."

Guruf ya yi tsit. Tana ganin alamar duk sun karanta, amma babu mai motsi. Ga mutum yawu na zubo masa ta gefen baki tana goge masa, amma can ciki komai na nan daram, yana tsefe rigimar wuni guda yana ware zare daga ƙulli. Tsoronsa da sonsa suka cika ta lokaci ɗaya, kamar tana ƙarama.

"Ku biyun kun tsaya kan abu ɗaya da ba wanda ya faɗa," ya rubuta. "Wai ba zan koma gidana ba. Wa ya tabbatar?"

"Wallahi kuwa, Baba," in ji Auta. "Gaya musu!"

Ya ci gaba: "Abin da nake so: gidana. Dalili:"

Yatsan ya tsaya. Ya dubi ƙofar banɗaki, wadda ba ya kaiwa sai mutum biyu sun kama shi. Ya dubi hannun daman da ke yashe a kan zanin gado. Ya daɗe yana dubansa.

"Ai ba sai ka ba da dalili ba," ta ce a hankali. "Kai ne babanmu. Ka ce kawai, a yi."

Ya harare ta ta saman tabarau, irin hararar da ɗalibansa suka sha.

"Shi ma… ba dalili ba ne."

Ya ƙarasa: "Ina so ne kawai. Bai isa ba." Ya tura kafin ta hana shi. Sannan ya ƙara: "Hujjar yayarku ce kaɗai ta tsaya da ƙafarta. Gidanta zan je. Injiniya, kai tsoro kake ji kada in mutu ba ka kusa. Wannan ba a musu a kansa. Ka taho."

Ya zame tabarau ya rufe ido, hawaye na bin gefen da ya shanye. Auta ta ajiye wayar.

"Ki je gidana," ya ce, bai buɗe ido ba. "Ki haɗo min kayana duka. Ki kulle."