Ƙyallen Gwaggo a Kan Jan Maɓalli

Sati uku da buɗe shafin intanet na asibitin ido, mutum huɗu kacal suka kama layin ganin likita ta cikinsa, biyu ma'aikatan asibitin ne. Manaja ya kira wanda ya tsara shafin, da ake ce wa Injiniya, ya ce in Juma'a ta zo ba canji, ya tattara nasa ya nasa.

Injiniya ya rasa gane kan abin. Maɓallin kama layin ja ne jawur, ya cinye saman shafin. Da aka ce ba a ganinsa, ya ƙara masa girma. Da aka sake faɗa, ya sa shi walƙiya. Jama'a suka ci gaba da bugo waya suna tambayar ina ake dannawa.

Ran Laraba ya ɗauki kwamfuta ya tafi shagon ɗinkin gwaggonsa, ya ajiye ta gefen keke.

"Gwaggo, gwada kama layin likita a nan."

"Kai mai digiri, ni za ka yi wa jarrabawa?"

Ta gyara tabarau. Kafin ta karanta ko harafi, ta tsinci ƙyalle a ƙasa, ta yafa shi a saman allon, ta rufe maɓallin ruf.

"Gwaggo, me kika rufe?"

"Tallar nan mana. Duk abin da ke tsalle yana ƙifta min ido, wani abu yake so ya sayar min. Kwanaki na danna irinsa, aka ce na ci mota. Ka ga mota a ƙofar shago?"

"To ina za ki duba?"

"Can ƙasa, ɗan nan. Abin gaske da ƙananan haruffa ake rubuta shi, a ɓoye a lungu."

Injiniya ya yi ta lalube a cikin karatunsa na shekara huɗu, bai samu inda aka yi maganar ƙyalle ba. Ran Alhamis ya cire jan maɓallin, ya sa ɗan ƙarami mai ruwan toka a tsakiya, yana jin kunyar kansa.

Kafin azahar ta Juma'a mutum arba'in da uku sun kama layi. Manaja ya yaba, ya ce aiki na nan daram. Sannan ya leƙa allon, ya ɗaure fuska.

"Ina jan nan? Shi kaɗai ake gani a shafin. Mayar da shi."

Injiniya ya mayar, ya bar ƙaramin a ƙarƙashinsa. Har yau ba mai danna jan sai Manaja.