Ƙashin Bayan Akuya

Ranar Litinin da hantsi Yaya Sulemana ya shigo gidanmu na Asokore Mampong da masu sayen tsohon ƙarfe biyu daga Akwatialine, ɗaya na jan tukunyar gas, ɗaya na saɓe da abin yanka. Na ajiye kofin kokona, na haye kan motar Baba, na harɗe ƙafa.

"Rakiatu, sauka," in ji Yaya. "Motan nan ya mutu kraa. Bari su yanka mu samu fili a tsakar gida."

"To su fara da ni," na ce.

Ƙaramar jif ce mai ja da ƙafa huɗu, ta kusa zama sa'ata a shekaru. Akuya muke ce mata, don ba tudun da ba ta hawa. Lafiyarta ƙalau har bara, da Yaya ya are ta ya labta mata siminti buhu goma sha biyu, ya faɗa rami da ita. Aksil ɗin baya, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin biyu, ya lanƙwashe, tayoyin suka yi gwame. Shi ya kashe ta, yau kuma shi ne ya kawo mata masu wankan gawa.

Da a wani lokaci ne, wataƙila da na ƙyale. Amma kwana uku kafin nan saƙon murya ya zo daga Gwaggo Batulu, yayar Baba, ita kaɗai ta rage masa a ɗakinsu. Ciwo ya kwantar da ita a ƙauyensu, can bayan Walewale. Cewa ta yi, "Ku gaya wa Buraima, in yana son ya same ni, kada ya jira ruwa ya ɗauke." Muna tsakiyar damina. Motar haya ba ta shiga ƙauyen sai rani, kuma ba mai goya tsoho makaho a babur cikin wannan laka. Baba ya sa na maimaita masa saƙon sau biyar, bai ci tuwo ba ranar.

"Zan gyara ta in kai shi," na ce wa Yaya. "Zan miƙe aksil ɗin, in sa masa ƙashin baya na ƙarfe, yadda ko giwa ta hau ba zai sake lanƙwasa ba."

Yaya ya yi dariya ya dubi baƙinsa. "Ke? Ran tsohon nan za mu ɗora a kan waldan ki? Wa ya yaye ki ma tukuna?"

Ya san inda zai taɓa. A Magazin, unguwar makanikai da masu walda da ke Suame, in mai koyo ya gama, mastansa kan tara jama'a ya zuba masa farar hoda a ka, ya ce ya yaye shi. Daga ranar shi ma masta ne, sai ya je ya buɗe nasa shagon. Baba, Masta Buraima mai walda, ya yaye mutum talatin da ɗaya. Ni shekara ashirin ina shagonsa. Tun da hasken walda ya cinye masa ido shekara huɗu da suka wuce, ni ke riƙe da shagon, ni ke ciyar da gida. Amma hoda ko ta cikin cokali ba ta taɓa kaina ba. Har yau 'yar Masta ake ce mini, ni da furfura ta fara leƙowa.

Na juya na dubi Baba. Yana zaune a baranda da sandarsa tsakanin gwiwoyi, ya ji komai. Na jira ya ce ko kalma ɗaya. Shiru. Wallahi shirun nan ya fi maganar Yaya yi mini ciwo.

"Juma'a," na ce. "In Juma'a ta yi ba ta tashi ba, ni da hannuna zan kunna musu gas ɗin."

Aka ja Akuya zuwa shagonmu da ke Suame a ranar. Washegari da zan fita, sai na tarar da Baba ya riga ni shiryawa, har da hula. Muka shiga toro-toro, motar haya, da muka isa na zaunar da shi a kan tsohon bencinsa na shago.

Na sauke aksil ɗin, na tsiyaye mai, na zare duk kayan cikinsa har ya zama bututu wayam. Na ɗaure shi da sarƙa a kan ƙarfen dogo, na sa jak a ƙarƙashin inda ya lanƙwashe, ina ɗagawa kaɗan-kaɗan. Bayan kowane ɗagawa sai in ja zare ta ciki daga baki zuwa baki, in ga ko ya bi tsakiya. Wuni guda cur na yi a kan wannan. Sannan na yanko ƙarfe mai kauri, na fitar da shi daidai bayan aksil ɗin, ya hau ya zauna daga wannan taya zuwa waccan.

Walda ita ce wurin hatsarin. Zafi na jan ƙarfe. In ka zuba wa aksil wuta a layi ɗaya mai tsawo, da ya huce zai karkace, ka ɓata abin da ka wuni kana miƙewa. Don haka sai in yi tsawon gaɓar yatsa a dama, in koma can hagu in yi daidai shi, in ajiye in jira. Ba ruwa, ba fifita. Sai ƙarfen ya huce da kansa har tafin hannu ya iya zama a kai.

A Magazin kuwa ba a ganin mutum zaune a ƙyale shi. Masta Mukhtari maƙwabcinmu, mai yin ƙofa huɗu kafin azahar, ya leƙo da ledar ruwa a baki.

"Ei, 'yar Masta! Walda ne wannan ko ɗinkin hula? Ba ni nan in ja miki shi a minti ashirin, mu watsa ruwa, ki tafi gida ki dafa wa tsoho abinci."

"Na gode, Masta. Ƙofofinka ma ai sai da ƙafa ake rufe su."

Aka kwashe da dariya, ya tafi yana ƙunƙuni. Amma maganar ta tsaya mini a wuya. Na sauke gilashi a fuska na kama aiki da fushi, na wuce gaɓa ɗaya, na wuce biyu, ban tsaya ba. Sai na ji ƙwas! Baba ya buga sanda a jikin benci, sau ɗaya tak. Na ɗauke hannu. Ashe duk zaman nan da kunne yake bin wutar. Na ji kunya, na kuma ji haushi, don ko yanzu bai buɗe baki ba. Tun daga nan, in na ajiye, sai ya miƙo hannu in ɗora masa a kan ƙarfen. In ya janye da sauri, in jira. In ya bar shi a kai, in ci gaba. Haka muka yi kwana biyu.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Yaya ya zo, masu yankan na biye da shi. A gabansu na ja zare, ya bi tsakiya sak. Na tura sandunan da ke juya taya, suka shige da hannu ɗaya, ba guduma. Kafin la'asar Akuya na tsaye a kan ƙafafunta, tayoyinta a miƙe.

Yaya ya sha mur. "A kwalta ko amalanke ya iya tafiya. Zan bi ku, don in ya karye a daji a samu namiji a wurin."

"Yoo," na ce. "Ka zo da tsofaffin kaya."

Muka kwana a Tamale, muka wuce Walewale da safe, daga nan kwalta ta yi mana sallama. Jar laka ce har gwiwa. Na sa giyar ƙafa huɗu, Akuya ta sunkuyar da kai tana ja. Sau biyu muka kafe, sau biyu namijin da muka zo da shi ya sauka ya tura, tayoyi suka yi masa wanka har cikin kunne. Ban yi dariya ba, amma Allah ya sani na so.

Saura kaɗan mu isa, akwai wani kwari da ruwa ya rufe. Na auna da sanda, na shiga a hankali. A tsakiya tayar baya ta zurma cikin ramin da ban gani ba, motar ta sauka da dukan nauyinta a kan dutse. Gam! Har haƙorana suka haɗu. Yaya ya yi salati da ƙarfi. Ni kuwa na ce a raina shi ke nan, na kawo ubana daji na yar. Na dubi Baba, yana riƙe da ƙofa, kunnensa a karkace wajen baya. Na taka mai. Akuya ta yi gurnani, ta karkata, ta dafe gaɓa ta fita.

Muka sami Gwaggo da rai. An shimfiɗa mata tabarma a ƙarƙashin rumfa, mutanen gida suka fito da gudu. Na buɗe wa Baba ƙofa, na kama hannunsa zan nufi rumfar, sai ya turje.

"Kai ni bayan mota."

Da farar rigarsa ya durƙusa a ƙasa, ya cusa hannu ƙarƙashi. Ya bi aksil ɗin da yatsu tun daga taya ɗaya har ɗayar, yana tsayawa a kan kowane ɗinkin walda. Jama'a suka yi cirko-cirko. Da ya gama, ya ɓamɓaro lakar da zafin ƙarfe ya busar, ya murtsuke ta a tafinsa har ta zama gari.

"Rakiatu, durƙusa."

Na durƙusa. Ya lalubo kaina, ya zuba mini jan garin nan a kan ɗankwali.

"Ba hoda a nan, wannan ya isa. Sulemana, kai ka tambaya wa ya yaye ta. Buɗe idonka, kai da kake da shi. Na yaye ki, Masta Rakiatu."

Na zaci in ranar nan ta zo zan yi murna. Fushi ne ya fara zuwa, hawaye na biye da shi. "Shekara ashirin, Baba! Me na yi maka?"

Bai ɗauke hannunsa daga kaina ba. Da ya yi magana, a hankali ya yi, yadda ni kaɗai zan ji.

"Kin isa yaye tun da idona. Amma mutum talatin da ɗaya na yaye, duk sun tafi. Na ji tsoro paa, kada ke ma ki tafi."

Sai muryar Gwaggo ta taso daga rumfa, siririya amma da sauran faɗa a cikinta: "Buraima! Shekara goma sha biyu ban sa ka a ido ba, mota ka fara gaisarwa?"

Na share fuska, na miƙe, na ɗaga shi tsaye. Yaya ya matso zai kakkaɓe mini ɗankwali, na ture hannunsa.

"Taho, Baba," na ce. "Akwai tudu a gabanka, ɗaga ƙafa. Ina riƙe da kai."