Ta Ina Mama Za Ta Sha Iska?

Kafintan ya yi shekara ashirin yana haɗa akwatin gawa ga duk wanda ya zo nema, amma zarto bai taɓa yi masa nauyi a hannu ba sai ranar da ya tashi haɗa na ƙanwarsa. Jinyar kwana huɗu ta yi a asibiti, rai ya yi halinsa. Abokan sana'a suka ce ya bar musu aikin, ya ƙi. Shi ya yi mata gadon aure, shi ya yi mata kujerar da take ɗinki a kai, ba zai bari hannun wani ya yi mata na ƙarshe ba. Ko awo bai nema ba. Ya san tsayinta, iya kafaɗarsa take.

Shagon a bakin titi yake, ƙofa ɗaya ce tsakaninsa da gida. Cikin gidan cike yake da masu gaisuwa, mijin marigayiyar na zaune a tsakiyarsu kamar an dasa shi. Ta ƙofar nan 'yarta mai shekara biyar ta sulalo. Tsuntsuwa ake ce mata, don bakinta ba ya hutawa.

"Kawu, wannan na Mama ne?"

Ya ajiye guduma. "Wa ya gaya miki?"

"Na ji Gwaggo tana faɗa a waya. Ni kuma ce min ta yi Mama ta yi tafiya. Wata mata ta ce barci take yi. Wanne ne?"

Ta zagaya akwatin, ƙafafunta na nitsewa cikin dusar katako. Ta ƙwanƙwasa murfin, ta leƙa ciki.

"Kawu, ka yi mantuwa. Ta ina za ta sha iska?" Ta ɗauko babbar ƙusa ta miƙa masa. "Huda mata nan. Mama ba ta son zafi. Ko a coci kusa da taga take zama."

Ya karɓi ƙusar. Aikin minti ɗaya ne, ya huda, yarinya ta koma gida hankalinta kwance. Har ya ɗora bakin ƙusar a kan katakon, sai ya tuna gobe. Gobe za a tura ƙasa a kan ramin nan a gaban idonta, ita kuma tana ganin uwarta na ciki tana numfashi. Ya jefar da ƙusar, ya zauna a kan benci, ya ɗora ta a cinya.

"Kawo hannunki." Ya ɗora shi a ƙirjinsa. "Me kika ji?"

"Yana bugawa."

"Na Mama ya tsaya, Tsuntsuwa. Ba tafiya ta yi ba, ba barci take yi ba. Ta mutu. Jikinta ba ya numfashi yanzu, ba ya jin zafi, ba ya jin yunwa, ba ya jin tsoro. Jikin kawai za mu sa a nan. Ita Maman da kika sani, mai yi miki waƙa, mai ja miki kunne in kin yi ƙiriniya, tana wurin Yesu. Shi ke riƙe da ita."

Ta kalli bakinsa.

"To ya dawo da ita mana. Malamarmu ta coci ta ce ya taɓa ta da abokinsa daga kabari."

Tambayar da ta hana shi cin abinci ke nan tun jiya. Ya so ya kawo mata irin amsar da Fasto zai bayar, ya nema ya rasa.

"Na roƙe shi," ya ce. "Kwana huɗu ina roƙo a bakin gadonta. Bai yi ba."

"Don me?"

"Ban sani ba."

"Kai ma ba ka sani ba?"

"Ni ma. Abin da na sani, shi da kansa ya mutu ya tashi, ya kuma yi alkawari rana na zuwa da zai ta da nasa duka. Za ki gan ta."

"Gobe?"

"Ba gobe ba. Da sauran lokaci. Sai kin girma, wataƙila har kin yi furfura."

A nan ne abin ya shige ta. "To wa zai yi min kitso?" Ta fashe da kuka, irin wanda ba ta yi ba tun da aka kawo labari. Shi ma da ya daure a asibiti, ya daure a gaban masu gaisuwa, nasa ya ƙwace. Suka daɗe a haka, motoci na wucewa a titi.

Ta ɗago tana shan majina. "Kawu, ai manya ba sa kuka."

"Ƙarya ake yi miki. Yesu ma sai da ya yi kuka a bakin kabarin abokin nan nasa."

"In na yi magana, Mama za ta ji?"

"Faɗa wa Yesu. Shi yana ji."

Ta haɗa hannuwa, ta rufe ido gam. "Yesu, ka ce wa Mama ni na fasa kofin nan mai fure, ba mage ba ce. Ka ce ta yi haƙuri. Amin."

"Amin," in ji kawun, da kyar.

Washegari aka yi jana'iza. Tsuntsuwa na saɓe a kafaɗar kawunta har aka gama, ta yi kuka, ubanta ya karɓe ta suka yi tare. Mutane suka yi ta cewa yarinyar nan akwai hankali, ta gane.

Bayan mako biyu, yana cikin gyaran ƙafar wani tebur, sai ga ta da kayan makaranta, kanta da kitson Gwaggo duk a karkace.

"Kawu, wai yaushe Mama za ta dawo?"

Ya share hannu a jikin wandonsa, ya jawo benci, ya ɗora ta a cinya, ya sake ɗauko mata bayanin daga farko.